Yadda ake haƙo kiɗan rok da na lantarki kyauta a intanet ba tare da cin haƙƙin kowa ba

In ka je wurin masu turi a kasuwa ka miƙa memori ka ce a zuba maka waƙoƙi, ka riga ka san abin da za ka dawo da shi: nanaye, hip-hop na Arewa, na 'yan Legas, na Indiya, sai ƙasidu. Amma ka ce kana son rok na wasu samari 'yan Poland, ko kiɗan da wani ke haɗawa da kwamfuta a ɗakinsa a Chile, sai mai turin ya ɗago kai ya dube ka sama da ƙasa. Irin kallon da aka yi mini ke nan shekarun baya a nan Kaduna, tun daga lokacin na koma nemo abina da kaina.

Waɗanda nake nufi su ne makaɗa masu cin gashin kansu, waɗanda ba babban kamfani a bayansu. Da yawansu da hannunsu suke ɗora kiɗansu a intanet su ce kowa ya ɗauka kyauta, ko dai don suna neman masu saurare, ko don dama ba da shi suke cin abinci ba. Ɗaukar irin wannan halas ne. Danna maɓallin saukewa kuwa yaro ma ya iya. Inda aikin yake shi ne gano na kirki a cikin tarin tarkace, kafin data ta ƙare kunne ya gaji.

Kayan aiki

Waya Android ta isa. Kwamfuta ta fi sauƙin aiki, amma yawancin abin da na tara da waya na sauke shi. Kana buƙatar burauza irin Chrome ko Firefox, da manhajar VLC don sauraro, domin ba fayil ɗin sauti da take ƙi. Sai manhajar buɗe fayil ɗin zip, wato ƙunshin da ake ɗaure waƙoƙin albam a ciki: Files na Google yana yi, ZArchiver ma yana yi. Ka buɗe imel na daban don wannan harka kawai, za ka ga dalili a gaba. Ka tanadi iyafis mai ɗan kyau, don sifikar waya ba ta fitar da bes, wato sautin nan mai kauri da ke dukan ƙirji, kuma kiɗan lantarki in aka cire masa bes rabinsa aka cire.

Sai memori, kuma a nan zan ɗan tsaya. Na taɓa sayen wani a hannun wani mai tebur a bakin titi, an rubuta 32GB a jiki, farashin kamar kyauta. Wata uku ina zuba masa kiɗa. Ranar da na koma kan fayilolin farko, sunayensu na nan reras, amma ko ɗaya bai buɗu ba. Ashe cikinsa bai kai abin da aka rubuta ba, sabon da na zuba yana hawa kan tsohon yana shafe shi. Don haka duk memorin da ka saya, ka cika shi maƙil da bidiyo a ranar farko, sannan ka buɗe na farko da na tsakiya da na ƙarshe. In duk sun yi, ka goge ka fara aiki da shi. In kana da kwamfuta mai Windows, ƙaramar manhajar H2testw tana yi maka wannan gwajin.

Mataki na 1: Ka san sunan abin da kake nema

Kuskuren farko na sabon shiga shi ne rubuta "free music" a Google. Abin da zai fito shafukan talla ne da na 'yan damfara. A wannan duniyar da sunan salo ake nema, kuma sunayen da Turanci suke, dole ka riƙe kaɗan.

A ɓangaren rok, "post-rock" kiɗan jita ne mai tsawo, yawanci ba baiti, yana farawa a hankali ya yi ta hauhawa har ya cika kunne. "Shoegaze" jita ce mai hazo, murya can a ƙasa kamar ana waƙa a bayan labule. "Garage rock" da "punk" gajeru ne masu zafi. A ɓangaren lantarki, "house" daga Chicago ya taso, "techno" daga Detroit, duka a Amurka a shekarun 1980. "Drum and bass" na Ingila ne, farkon shekarun 1990, gudunsa wajen bugu 170 a minti. "Ambient" kuwa kusan ba ganga, shi nake sakawa in ina aikin dare.

Kada ka ɗauka abin baƙo ne gaba ɗaya. Kiɗan fiyanon da ake yi wa nanaye a situdiyo ai na'ura ce ke fitar da shi. Mamman Sani na Nijar tun ƙarshen shekarun 1970 yake kaɗa organ mai lantarki, William Onyeabor ma yana nasa a Inugu. Jitar Buzayen Agadez kuwa in ba rok ba ce, to ƙanwarsa ce uwa ɗaya uba ɗaya. Duk da haka, ranar da na fara sakin techno a gida, ƙanwata ta leƙo ta ce, "Yaya, injin markaɗe ka sayo?" Ka shirya wa irin wannan.

Zaɓi salo biyu kacal ka fara da su. Ka ce duka za ka bi, ba inda za ka kai.

Mataki na 2: Fara da Bandcamp

Bandcamp ya fara aiki a 2008, kuma kasuwa ce da makaɗa ke sayar da kayansu kai tsaye. Yawancin abin da ke ciki na kuɗi ne, amma akwai iri biyu da suka shafe mu: wanda aka rubuta wa "Free Download", da wanda aka rubuta wa "name your price", wato kai za ka yanka farashi, kuma sifiri ma farashi ne.

Ka shiga ta burauza, kada ka bi ta manhajarsu, don manhajar ba za ta ba ka fayil ɗin kyauta ka ajiye ba. In shafin ya ƙi nuna maka komai a waya, taɓa ɗigo ukun nan na Chrome ka zaɓi "Desktop site". Don tace na kyauta, rubuta wannan a Google: site:bandcamp.com "name your price" post-rock, ka canza kalmar ƙarshe da salon da ka zaɓa.

In ka samu albam, danna wurin saye, rubuta 0 a gurbin kuɗi. Wani rubutu zai fito da zai kai ka wurin saukewa. Wasu makaɗan sai ka ba da imel da ƙasa da lambar gidan waya, ta Kaduna 800001 ce, sannan a turo maka mahaɗin ta imel. Amfanin imel na daban ke nan, domin daga ranar duk abin da suka fitar sai sun sanar da kai. In saƙon bai zo ba, leƙa akwatin "spam".

Abu biyu ka kiyaye. Abin da ka ɗauka a sifiri ba ya shiga ma'ajiyarka ta Bandcamp, in fayil ɗin ya ɓata sai dai ka sake bin hanya daga farko. Na biyu, akwai iyakar adadin saukewar kyauta da ake ba mai kiɗa a wata, in ta ƙare sai ka ga farashi ya bayyana a kan abin da jiya kyauta ne. Ba yaudara ba ce, ka dawo bayan kwanaki.

Mataki na 3: Bin sawu

Wannan ne asalin sana'ar, kuma shi ne mutane ke tsallakewa. Google ƙofa kawai zai nuna maka. Da zarar ka samu albam ɗaya da ya kama ka, ka daina bincike da rubutu, ka koma bin sawu kamar mai neman ɓataccen rago.

Sawu na farko yana can ƙasan shafin albam ɗin, inda aka jera kalmomin da mai kiɗan ya laƙaba wa aikinsa, salo da sunan gari. Danna mafi ƙanƙanta a ciki. "Rock" teku ce, za ka nutse. "Math rock" ko sunan wani ƙaramin gari, nan za ka samu 'yan tsirarun da suka san juna kuma suke kiɗa iri ɗaya. Sunan gari ya fi ba ni sakamako mai kyau fiye da sunan salo, domin makaɗan gari ɗaya sukan yi aron mai ganga da situdiyo a tsakaninsu, in ɗaya ya iya, da wuya sauran su zama na banza.

Sawu na biyu shi ne gidan da ya fitar da albam ɗin, wato ƙaramin kamfanin kiɗa. Ƙananan gidajen nan yawanci mutum ɗaya ne ko biyu ke zaɓen abin da za su fitar, saboda haka kunnen mutum ɗaya kake bi. In zaɓinsa ya yi maka sau biyu, bi duk jerin kayansa daga sabo zuwa tsoho. Ka fi mai da hankali kan albam ɗin haɗaka da suke kira "compilation" ko "sampler", inda makaɗa goma sha biyar ko ashirin kowa ya ba da waƙa ɗaya. Sau da yawa kyauta ake ba da su, don talla ce. Saukewa ɗaya, ka ɗanɗana mutum ashirin, ka tsinci biyu ko uku da za ka bi gidajensu.

Sawu na uku ya fi kowanne daɗi. A ƙarƙashin hoton albam akwai ƙananan hotunan waɗanda suka saya da kuɗinsu, an rubuta "supported by". Taɓa hoton mutum, sai ga duk abin da ya taɓa saye. Wanda ya cire kuɗi ya biya abin da ake bayarwa kyauta, ba ƙaramin so yake yi masa ba, kuma da wuya sauran kayansa su ba ka kunya. Akwai wani da ban san sunansa na gaskiya ba, hoton kyanwa ne a shafinsa, na fi shekara biyu ina leƙa ma'ajiyarsa duk wata. Kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke memorina ta hannunsa na san shi, shi kuwa bai san ina duniya ba.

Ka riƙe ɗan littafi ko wurin rubutu a waya. Duk sunan da ya burge ka, rubuta shi da inda ka gan shi. Sunayen nan ba sa zama a ka, gobe in ka nema ba za ka tuna ba.

Mataki na 4: Sauran rumbuna

Internet Archive, wanda Brewster Kahle ya kafa a 1996, yana da sashe guda na gidajen kiɗan da a intanet kaɗai suke kuma kyauta suke fitar da komai. Adireshin shi ne archive.org/details/netlabels. Ga mai son kiɗan lantarki nan ne rijiya gaba dubu, har da kayan gidajen da suka daɗe da rufewa. Matsalarsa ba mai tacewa, mai kyau da maras kyau duk a kwando ɗaya. Ka jera su bisa yawan waɗanda suka kalla, ka fara da na sama. A kowane shafi nemi "Download Options", ka zaɓi "VBR MP3". Shafin yakan yi nauyi da rana, da dare ya fi sakin jiki.

Free Music Archive, wanda gidan rediyon WFMU na New Jersey ya buɗe a 2009, ya fi tsari, an rarraba komai bisa salo, kuma kowace waƙa da lasisinta a gefe. Jamendo na Luxembourg ma haka, kyauta ne ga mai sauraro don kansa. Ka shirya buɗe asusu a irin waɗannan, da imel ɗin nan naka. A SoundCloud kuwa sai wanda mai kiɗan ya buɗe wa ƙofa ake iya saukewa, kuma ta burauza, a ƙarƙashin "More". Wasu za su tura ka wani shafi a ce sai ka bi su a wurare huɗu kafin a ba ka waƙa ɗaya. Ni dai na daina, wahalar ta fi romon.

Audiomack da Boomplay da muka saba da su wani abu ne daban. Abin da ka ajiye a cikinsu yana zaune ne a cikin manhajar, ranar da ka goge ta ya tafi.

Mataki na 5: Saurara tukuna, sannan ka zaɓi nauyin fayil

Kada ka sauke albam don hoton bangonsa ya yi kyau. Saurari waƙa ta biyu ko ta uku, ka ja zuwa tsakiya, ka ba ta minti ɗaya. Ta farko sau da yawa shimfiɗa ce kawai. Post-rock da ambient kuwa sai ka ƙara haƙuri, don wani sai minti na biyar yake buɗe baki.

Lissafin data ga shi. MP3, FLAC da WAV nau'o'in fayil ɗin sauti ne, lambar da ke bin MP3 kuma ma'aunin ingancinsa ce. Waƙar minti huɗu a MP3 mai 128 wajen 4MB ce, a mai 320 ta kusa 10MB, a FLAC takan kai 25 zuwa 30, a WAV ta haura 40. Ke nan 1GB zai ɗauko maka waƙa wajen ɗari a 320, amma a FLAC da ƙyar ka samu arba'in. Ka tuna kuma kiɗan lantarki yakan yi minti bakwai zuwa goma, sai ka ninka. A Bandcamp ni "MP3 V0" nake zaɓa, ya fi 320 sauƙi, kuma a iyafis ko cikin mota kunnena bai taɓa rarrabe su ba. FLAC na mai manyan sifiku ne, ko wanda zai yi aikin situdiyo da shi.

Manyan albam ka bar su sai dare, lokacin garaɓasar datar dare ta kamfanonin waya. Ka cika caji tun da wuri, don in aka ɗauke wuta waya ta mutu ana tsakiyar saukewa, zip ɗin da bai kammala ba ba ya buɗuwa, data kuma ta riga ta tafi. In sabis ɗin unguwarku na rawa, ka fi samun kwanciyar hankali da sauke waƙa ɗaya-ɗaya a inda aka ba da dama, kamar archive.org.

Gargaɗi: sunan fayil ɗin waƙa ba ya ƙarewa da .apk ko .exe, waɗannan na manhaja ne. Ka ga haka, goge ba tare da ka buɗe ba. Babban koren maɓallin da ke walƙiya yana cewa "Download Now" talla ne. Shafukan da ke zare sauti daga YouTube kuma, ban da cin haƙƙi, ƙaryar inganci suke yi: sun rubuta 320, amma sautin da aka riga aka matse ba ya komawa yadda yake, kamar shayin da aka tsinka da ruwa ne, sauya masa babban kofi ba ya mai da shi kauri.

Mataki na 6: Karanta lasisi

Kyauta don ka saurara daban, kyauta don ka yi abin da ka ga dama daban. In ka ga "all rights reserved", sauraro kawai aka ba ka. In ka ga "some rights reserved" ko alamar CC, lasisin Creative Commons ne, wanda aka fara fitarwa a 2002, kuma alamominsa huɗu ne. BY, ka ambaci sunan mai kiɗan. NC, ban da neman kuɗi da shi. ND, kada ka sauya shi. SA, in ka gina wani abu a kansa, ka sake shi da irin wannan lasisin. CC0 kuwa mai shi ya yafe duka.

Inda mutanenmu ke faɗawa rami biyu ne. Mai tallar atamfa ko turare a TikTok da Facebook ba zai ɗora kiɗa mai NC ba, don talla neman kuɗi ce. Sannan ɗora kiɗa a ƙarƙashin bidiyo, a ƙa'idar lasisin, sauyawa ce, saboda haka mai ND bai halatta a fim ko bidiyon biki ba ko da kyauta kake yi. In kiɗan ya shiga ranka kuma lasisi ya hana, rubuta wa mai shi, akwai wurin tuntuɓa a shafinsa. Sau biyu na gwada, duka biyun aka amsa mini, ɗaya har yana mamakin yadda kiɗansa ya iso Najeriya. Ka ɗauki hoton shafin lasisin ka jefa cikin foldar albam ɗin, don shafi kan ɓace, hujjarka kuma tana hannunka.

Mataki na 7: Buɗewa da adanawa

Buɗe zip ɗin, ka tabbata waƙoƙin sun fito, sannan ka goge zip ɗin don kada abu ɗaya ya ci wuri biyu. Tsarina mai sauƙi ne: folda ta salo, cikinta sunan mai kiɗa, cikinta shekara da sunan albam. Sabon abu duk yana fara sauka a wata folda da na sa wa suna "Gwaji". Sai ya kwana bakwai a can ina jin sa a Keke daga Kawo zuwa cikin gari, ko a jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Wanda na koma wa da kaina ya samu gurbi, wanda na yi ta tsallakewa ya tafi. Fiye da rabi tafiya suke yi.

In waƙa ta fito da "Unknown Artist", gyara ta tun kana tuna mai ita. A kwamfuta Mp3tag ko MusicBrainz Picard suna yi. Duk ƙarshen wata kuma kwafi komai zuwa filas ko kwamfutar wani na gida.

Mataki na 8: In data ta yi ƙaranci, ku haɗa hannu

Mu uku ne muke yi. Kowa da salon da yake bi, ranar Asabar mu haɗu mu tura wa juna ta Xender, ba ko sisin data. Masu lasisin CC duka an yarda a raba su haka matuƙar ba sayarwa za a yi ba kuma sunan mai su na jiki. Masu "all rights reserved" kuwa mahaɗin shafin muke tura wa juna, kowa ya sauke nasa. In ta WhatsApp za ka tura, zaɓi "Document", in ba haka ba fayil ɗin zai isa da suna irin AUD da jerin lambobi, bayan wata guda ba wanda zai san kiɗan wane ne.